Yadda Muka Miƙa wa Hukuma Libarbar Gado da Harsasanta a Kaduna

Gidaje da dama a Kaduna suna ɗauke da bindigar da ba a cika zancenta ba. Garin nan mazaunin soja ne tun zamanin Turawa, kuma tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati masu sha'awar farauta sun rasu sun bar wa iyalansu makaman da iyalan ba su san inda za su nufa da su ba. Haka ta faru da mu bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma abin da ya fi ba mu wuya shi ne rashin wanda zai ce mana ga inda ake farawa, ga takardar da ake nema, ga ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda muka bi lamarin daki-daki, musamman batun harsasan da aka cika da hannu, domin a nan ne na ga mutane masu hankali suna shirin jefa kansu cikin haɗarin da ba su san girmansa ba.

Bayan an share makoki, Baffanmu ya tara mu domin a ƙididdige abin da marigayi ya bari kafin a je kotu rabon gado. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda tun muna yara aka hana mu kusanta. Da aka buɗe, sai ga bindigar farauta mai baki biyu, an kwance ta an naɗe cikin tsohon zane mai danshin mai, tare da ɗan littafin lasisinta wanda aka daina sabuntawa tun shekarun da ciwon ƙafa ya hana Baba shiga daji. Wannan kam mun san da ita. Abin da ya ba mu mamaki shi ne libarba da ke ƙunshe cikin jakar fata, da gwangwanin madara cike da harsasai. Baffa ya ce ta kakanmu ce, wanda ya yi yaƙin Bama tare da dakarun Afirka ta Yamma da Ingila ta kai can a yaƙin duniya na biyu, kuma da ita ya dawo gida bayan 1945. Babu wata takarda a tare da ita. Baffa ya ƙara da cewa harsasan asali sun ƙare tun da daɗewa, sai wani abokin farautar Baba, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ya riƙa tattara kwanson da aka harba yana sake cika su. Tun da babu wanda ya san ko akwai harsashi a cikin bindigar, Baffa ya hana kowa kai yatsa kusa da kunamarta, aka juya bakinta ga bango, aka mayar da murfin akwatin aka kulle.

A daren ne gardama ta tashi. Ƙanina ya ce a bar ta a gida, a kai ta gonarmu a gwada harsashi biyu ko uku a ga ko suna tashi. Ban ga laifinsa ba a kan tsoron da ya sa shi faɗin haka, domin duk wanda ya zauna a Kaduna a shekarun nan ya san abin da harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022 ya bari a zukatan mutane, ya kuma san iyalan da aka sace wa wani a hanya ko a gona. Hajiyarmu tana cikin takaba, amma ta aiko daga ɗakinta cewa kada a yi komai sai an ji ta bakin wanda ya san aikin. A layinmu akwai wani dattijo da muke kira Injiniya, wanda ya yi shekaru yana aiki a masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri, wadda aka kafa a 1964, har ya yi ritaya. Washegari bayan sallar la'asar ni da Baffa muka same shi a zaurensa muka roƙe shi ya zo ya duba.

Injiniya ya fara da fitar da yara daga tsakar gida. Ya ɗauki libarbar bakinta na kallon ƙasa, ya danna wani ɗan ƙarfe a gefe, sai ta karye ta sama, ramuka shida na gangarta suka bayyana, duka babu komai a ciki. Ya karanta rubutun da ke jikinta ya ce ƙirar kamfanin Webley ce na Birmingham da ke Ingila, mai cin harsashin .38 irin na sojan Ingila. Sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle ya zuba harsasan a hankali ya jera su. Sai a lokacin na lura ba iri ɗaya ba ne. Wasu dalmarsu ta nutse can cikin kwanso, wasu ta fito waje sosai, wasu bakin kwanson ya tsage kamar an ja layi da allura, wasu kuma tagullar ta yi kore-kore har wani farin gari ya fito a wuyansu. Ya ɗaga ɗaya ya nuna mana gindinsa, inda hular da ke kunna wuta ta turo waje maimakon ta zauna daidai da kwanson. Ya dubi ƙanina ya ce, "Ɗana, da ido ba a ganin abin da ke cikin harsashi. Wanda ya cika waɗannan ya rasu, kuma ko yana raye ba zai iya gaya maka ƙarfin da za su fito da shi ba, domin bai taɓa aunawa ba."

Bayanin da ya biyo baya shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Abin da ke tura dalma daga bakin bindiga iska ce mai zafi da ke fitowa lokacin da albarushi ya ƙone a cikin kwanso, kuma kowace bindiga an ƙera ta ne domin ta jure wani iyakantaccen matsi na wannan iska. Tayar mota tana ɗaukar iskar da ba ta wuce fam talatin da wani abu a kan kowane murabba'in inci ba, amma harsashin libarba ana lissafa nasa da dubbai. A ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, harsashin .38 S&W, wanda shi ne dangin na Webley ɗinmu, bai kai fam 15,000 ba, na .38 Special iyakarsa 17,000, shi kuwa .357 Magnum yana kaiwa 35,000. Da aka fito da .357 Magnum a 1935, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawo da kimanin milimita 3 a kan na .38 Special, domin kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya ɗaukar ƙarfinsa ba. Wato masu ƙera makamai da kansu ba su yarda su dogara da lurar mai harbi ba, sai da suka toshe hanyar kuskuren tun daga ƙira. Wanda ya cika kwanso da hannu ba tare da ma'auni ba ya rushe wannan kariyar, domin yana iya zuba ƙarfin babbar bindiga a cikin kwanson ƙarama, kuma harsashin zai shiga rami lafiya lau.

Injiniya ya ce tsofaffin kwansuna irin waɗannan an tsara su ne a zamanin baƙin albarushi mai hayaƙi, wanda ke cika kwanso har wuya. Albarushin zamani marar hayaƙi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ɗan kaɗan ake sakawa ya kwanta a gindin kwanso, saboda haka idan mai cikawa ya shagala ya zuba sau biyu, kwanson zai ɗauka ba tare da ya nuna wata alama ba, sai ranar harbi gangar bindigar ta tsage, saman ƙarfen ya tashi, hannu da ido su tafi. Dalmar da aka danna ta nutse fiye da kima ita ma tana rage filin da iskar za ta faɗaɗa, matsin ya hau. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ya ce ta fi yaudarar mutane, wato harsashin da albarushinsa ya yi kaɗan ko ya lalace saboda zafi da danshi na shekaru. Irin wannan yakan yi ƙara marar ƙarfi, dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu, mai harbi ya ɗauka bai tashi ba ne ya sake jan kunama, na biyun ya tarar da hanya a toshe. Ya ce matsin da ya wuce kima ne kuma ke sa bindigar toka ta fashe a hannun mafarauci idan ya ɗura mata albarushin da aka ciro daga harsashin zamani, kuma ya ga waɗanda suka rasa yatsu ta wannan hanya.

Na tambaye shi yadda ake yi a ƙasashen da doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa a gida, tun da na san ana yi a Amurka. Ya ce can ma ba da ƙiyasi ake yi ba. Kamfanonin albarushi suna gwada kowane nau'i a ɗakunan gwaji da na'urar da ke auna matsi, su buga iyakar ƙasa da ta sama, mai cikawa kuma ya auna da sikeli mai tsananin daidaito, ya fara daga ƙasa, kada ya kuskura ya haura ta sama, kada kuma ya musanya wani nau'i da wani. Su ma bindigogin ba a sayar da su a Ingila sai an kai su gidan gwaji, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, an harba su da harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, idan sun jure a buga musu tambari. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai da harsasan gwangwaninmu suka bi. Daga nan ya juya ga bindigar farauta ya nuna mana wani abu da ko Baffa bai sani ba. A ƙasan bututunta an buga alamar da ke nuna raminta na harsashi mai tsawon inci biyu da rabi ne, wato kimanin milimita 65, alhali yawancin harsasan farauta na yanzu milimita 70 ne. Dogon yana shiga gajeren rami domin bakinsa a naɗe yake kafin harbi, amma idan ya buɗe sai ya rasa wurin miƙewa, matsin ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa. Kafin ya tafi ya ce kada a jefa harsasan a masai ko rijiya ko bola, kada a sa su a wuta, kada kuma wani ya ce zai kwance su, a bar su a gwangwaninsu a inuwa, a nemi lauya.

Lauyan da muka je wurinsa abokin karatuna ne, kuma bai karɓi ko sisi ba a zaman farko. Ya buɗe Dokar Makamai ta 1959 ya nuna mini yadda ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, kuma libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu a nan suke, tare da bindigogin soja. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku bindigogin gargajiya ne da ake ɗurawa ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ya ce riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi yana iya jawo ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, harsashi ma sai da izini ake ajiye shi, kuma ƙera bindiga ko harsashi a gida doka ta hana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce lasisi ba ya shiga gado. Doka ta ba magaji kwana 14 kacal bayan rasuwar mai lasisi ya riƙe bindigar, kuma wannan wa'adi ya riga ya wuce kafin a buɗe akwatin. Na ce, "Barista, to yanzu mu masu laifi ne ke nan?" Ya ce abin da zai tsare mu shi ne mu riga kowa kai rahoto, a rubuce, tare da bayyana ranar da muka gano kayan da kuma waɗanda suka shaida. Ya ja mini kunne da babbar murya cewa kada in ɗauki bindigar in sa a mota in nufi caji ofis, domin idan aka tare ni a shingen bincike, babu wanda zai saurari cewa miƙawa zan je yi.

Haɗa takardu ya ci lokaci fiye da yadda na zata. Muna da takardar asibiti da ke tabbatar da rasuwa, amma lauya ya ce a karɓo shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ofishinta ke sakatariyar ƙaramar hukuma. Sai takardar rantsuwa a kotu, inda ni da Baffa muka bayyana dangantakarmu da marigayi, da yadda aka buɗe akwatin, da abin da aka samu a ciki. Kuɗin rantsuwar kaɗan ne kuma an ba mu rasit, sai na mai buga takarda a bakin kotu, da na hotunan fasfo, da na kwafe-kwafe. Mai unguwarmu, wanda ya san Baba shekaru masu yawa, ya rubuta takardar shaida ya buga hatiminsa bayan ya zo da kansa ya ga akwatin. Na ɗauki hoton kowace bindiga da lambar da ke jikinta, na ɗauki hoton harsasan a jere, muka ƙidaya su a gaban mai unguwa aka rubuta adadin. Lauya ya rubuta wasiƙa zuwa ga DPO na yankinmu, ya lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a turo jami'ai su karɓa a gida. Kuɗin wannan wasiƙa da rakiyar da ya yi mana daga baya su ne mafi tsoka a duk abin da muka kashe, kuma magada suka amince a cire daga dukiyar marigayi kafin rabo.

Ranar da muka kai wasiƙar na shiga caji ofis gabana yana faɗuwa, duk da cewa takarda kaɗai ke hannuna. A kantar 'yan sanda, da na ambaci bindiga, sai fuskar jami'in ta canza, ya fara jero tambayoyi da sauri, ina take, wa ya harba, me ya sa sai yanzu. Lauya ya miƙa masa wasiƙar ya ce DPO muke son gani. Muka zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar, domin an ce ya fita taro. Da ya dawo ya karanta, sai ya yi mana ta'aziyya, ya tambayi aikin da Baba ya yi, ya ce da kowa zai yi haka da aikinsu ya yi sauƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muke roƙo shi ne a buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu." Aka buga, aka sa kwanan wata da hannu. Wannan kwafi shi ne takarda mafi daraja a duk fayil ɗin, domin daga wannan rana muna da hujjar cewa mu muka kai kanmu. An sa mana rana, ranar ta zo ba a zo ba, aka ce motar sintiri ba mai. Na koma na sayi man da kuɗina, ba rasit, kuma ban ji daɗin hakan ba, amma barin kayan su ƙara kwana a gidan da yara ke wasa ya fi damuna.

Jami'ai suka zo da safe, mai unguwa da Baffa da lauya suna nan. Na riga na sanar da maƙwabta na kusa abin da ke tafe, domin motar 'yan sanda a ƙofar gidan da aka yi rasuwa tana haifar da zance iri-iri. Suka duba lambobin bindigogin suka gwada da na wasiƙa, suka sake ƙidaya harsasan, aka rubuta takardar karɓa kowa ya sa hannu. Daga nan muka bi su zuwa ofis na rubuta bayani, Baffa ma ya rubuta nasa. An tambaye ni ko an taɓa harba libarbar a sanina, ko akwai wanda ya taɓa aronta, ko akwai sauran harsasai a wani wuri. Na amsa abin da na sani kawai, lauya ya karanta kafin in sa hannu. Jami'in ma'ajiyar makamai, wani sufeto mai furfura, ya shigar da kayan a babban littafinsa. Da ya ga harsasan sai ya ware su daban a cikin wani akwati, ya ce irin waɗannan ba a haɗa su da sauran kaya, lalata su ake yi, kuma masu aikin kwance bama-bamai ne ke yi. Na roƙe shi lambar shigarwa ta littafin, ya rubuta mini a bayan takardar karɓa. Na fito daga ofishin da yamma jikina a mace, amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Saura batun bindigar farauta, wadda Baffa yake so ta zauna a dangi. An tura mu sashen da ke kula da lasisin makamai a hedikwatar 'yan sanda ta jiha, muka je da tsohon littafin lasisi da sauran takardu. A can aka yi mana bayanin cewa wanda ke so sai ya nemi sabon lasisi da sunansa, kuma doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Sai dai a lokacin da muka je, dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai da Muƙaddashin Sufeto Janar na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar a watan Agustan 2023 tana aiki, saboda haka ba a karɓi takardar nema ba. A harabar wurin wani mutum ya biyo mu ya ce zai iya samo mana lasisi idan muka ba shi wani abu. Lauya ya ce kada mu ko tsaya, domin lasisin bogi ya fi rashin lasisi muni, laifi biyu ne a wuyan mutum. Baffa ya yi shiru a mota har muka wuce gadar Kawo, sannan ya ce idanunsa ma yanzu ba na farauta ba ne, kuma bayan abin da Injiniya ya nuna game da raminta, ba zai so wani jikansa ya ɗura mata harsashin kasuwa ba. Bindigar tana ajiye a ma'ajiyar hukuma da sunan marigayi.

A kotun Shari'a, wajen rabon gado, mun gabatar da takardar karɓa tare da jerin kadarori, domin kada wani magaji ya ce an ɓoye wani abu ko an sayar a bayan idonsa. Alƙali ya tambayi magada ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan'uwanmu mata, ko sun san da batun kuma sun yarda, kowa ya amsa, aka rubuta. Wannan mataki ƙarami ne amma yana rufe ƙofar rigimar da kan ɓullo bayan shekaru, lokacin da shaidu suka tsufa ko suka rasu.

Wanda irin wannan ya same shi, abu na farko da zan ce masa shi ne ya ɗauka bindigar a ɗure take har sai masani ya buɗe ta, ya kulle ta inda yaro ba zai kai ba, kuma ya rage yawan waɗanda suka san da ita, domin labarin bindiga a gida yana jawo ɓarayi kafin ya jawo hukuma. Kada ya yarda da shawarar gwaji, ko a gona ko a daji, ko da an ce za a ɗaure ta a bishiya a ja da igiya, domin harsashi ɗaya da ya tashi lafiya ba ya ba da shaida a kan na kusa da shi, tun da kowanne da hannu aka cika shi daban. Idan mamacin yana da lasisi, a tuna da kwana 14 ɗin nan tun ana zaman makoki, a wakilta mutum ɗaya ya rubuta wa 'yan sanda ko da sauran takardu ba su kammala ba. A tafi da lauya idan da hali, idan babu a tafi da mai unguwa ko wani dattijo da ake ganin girmansa, kuma kada a miƙa komai sai an karɓi takarda mai ɗauke da lambar bindiga da adadin harsasai da sunan jami'in da ya karɓa. Ga masu tunanin riƙewa saboda tsaro, ina fahimtar halin da ake ciki, amma libarbar da ta haura shekara saba'in da harsasan da ba a san cikinsu ba sun fi kusa da raunata mai riƙe da su ko kai shi kurkuku fiye da kare gidansa. Takardun kuwa a yi musu kwafi da yawa, a ba Baffa ko wani babba a dangi saiti ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya, domin idan wata rana aka zo da tambaya a kan lambar bindigar, ba lallai ne wanda ya yi zirga-zirgar ya kasance a gari ba.